Sankarar fata ta dawo: yaushe ake tsayar da ƙarin ruwan garkuwar jiki?

Tambayoyin nan na sha amsa su a nan Maradi har bakina ya gaji. Wanda ya karanta ya karanta wa na gida.

Wai baƙar fata ma na yin melanoma, mugun nau'in nan na sankarar fata?

Tana yi. A wurinmu ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda rana ba ta kaiwa. Baƙin tabon da ke faɗaɗa a diddige, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ba kaushi ba ne, ba sammu ba ne. A daina kai shi wurin wanzami.

An yanke wa Baba yatsan, ta yaya ta dawo?

Wasu ƙwayoyin sankarar sun riga sun bi jini ko sun sauka a kaluluwa kafin aikin. Ba lallai ne laifin likita ba.

Wannan ƙarin ruwan shi ne shimiyo?

A'a. Shimiyo ita ke kashe ƙwayoyin da kanta. Magungunan wannan ƙarin ruwan kuwa, pembrolizumab da nivolumab, da aka amince da su a Amurka a 2014, birki suke cire wa garkuwar jiki ta yi yaƙin. Na farkon ana sa shi duk sati 3 ko 6, na biyun duk sati 2 ko 4.

Hajiya na gudawa tun da aka sa mata, mu ba ta jiƙo?

Haba! Garkuwar da aka saki tana iya juyowa ta kama hanji, huhu, hanta ko maƙoshi. Gudawa mai yawa, tari da haki, ido ya yi rawaya, ƙishirwa da yawan fitsari: a kira likitanta ranar, kada a jira randebu. Hakan na faruwa ko bayan watanni da daina maganin.

To yaushe za mu tsaya?

Nan ne ba ni da amsa guda, kuma duk wanda ya ba ku amsa guda bai ga takardun maras lafiyarku ba.

In an cire ciwon duka, ana ba da maganin don kada ya dawo, galibi shekara 1 ce. In ya bazu, manyan gwaje-gwajen pembrolizumab sun tsaya ne a shekara 2, shi ya sa likitoci da yawa suke bin wannan iyaka. Wanda sikana ta nuna ciwonsa ya ɓace, wasu likitoci kan tsayar da shi kafin nan, kuma da yawa daga irinsu sun daɗe lafiya ba magani. Da yawa na ce, ban ce duka ba. In ya dawo ana iya komawa kan maganin, wani ya yi masa aiki, wani bai yi ba. Wanda ciwonsa ya ragu kawai, ko ya tsaya cik, shawararsa ta fi wuya. Ku sani kuma, irin namu na tafin ƙafa bai cika jin maganin ba kamar irin na Turawa da rana ke haddasawa.

Akwai tsayawa ta dole, in maganin ya yi wa hanji ko huhu mummunar illa. Akwai tsayawa don ciwon na ci gaba duk da maganin, ko da yake a watannin farko hoto kan nuna kamar ya ƙaru alhali bai ƙaru ba, don haka likita na iya cewa a sake sikana bayan ƴan makonni kafin a yanke.

Sai wadda ta fi damuna, ta kuɗi. Zubi ɗaya na iya cin miliyoyin sefa. Maradi zuwa Yamai, inda cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara take, ya wuce kilomita 600, balle masu zuwa Tunisiya ko Indiya. Sai a sayar da gonar gado, a sayar da shanu, a yi zubi uku, a ɓace shiru don kunya. Kada ku yi haka. Ku gaya wa likita ƙarfinku tun ranar farko, da bakinku: ga abin da muke da shi, zubi nawa zai kai? Ku tambaye shi ko an duba BRAF, wato wani canji a ƙwayoyin halittar ciwon, don masu wannan canjin akwai ƙwayoyin haɗiya da ke yi musu aiki, su ma da tsadarsu.

In muka tsaya, ba mun sallama shi ba ke nan?

Ba ku sallama shi ba, ƴar uwa. Za a ci gaba da duba shi, da wankin gyambo, da maganin zafi har morfin in ta kama, kuma ba abin kunya ba ne a nema. Dattijon da ya ce ya gaji da hanya, yana so ya zauna cikin jikokinsa, bai rasa tawakkali ba.

Mu ɓoye masa sakamakon?

A'a. Jikinsa ne, gonarsa ce ake sayarwa. Ku zauna da shi da likita, ku bar shi ya yi tambayarsa da kansa.