Allurar Sinawa ba ta maye gurbin allurar kashe zafi ba

An daɗe ana yaɗa cewa a ƙasar Sin likitoci sun yanka cikin wani ɗan jaridar Amurka ba tare da maganin kashe zafi ba, sai siraran allurai kawai da aka soka masa a jiki. Ba haka aka yi ba.

James Reston na jaridar New York Times ya kamu da ciwon afendis a Beijin a Yulin 1971. Da allurar kashe zafi irin ta asibiti aka yi masa tiyatar. Sai daga baya, da kumburin ciki ya dame shi, aka soka masa alluran gargajiya a gwiwar hannu da ƙasan gwiwoyi, ya samu sauƙi. Shi da kansa ya rubuta hakan, amma labari a bakin mutane ba ya rasa ƙari.

To, alluran suna aiki kuwa? Wani binciken Jamus na 2007 kan masu ciwon baya 1,162 ya gano suna rage ciwo fiye da maganin da aka saba. Sai dai waɗanda aka soka wa sama-sama, a wuraren da ba na ƙa'ida ba, su ma kusan haka suka samu sauƙi.