Shin mai keke ya kamata ya fuskanci motoci?

Tun muna yara a Bauchi ake ce mana mai keke ya bi hannun da zai riƙa fuskantar motoci, don ya ga abin da ke tafe. Masu faɗar haka tsira suke nema mana, kuma shawarar daidai ce ga mai tafiya a ƙasa inda babu gefen titi. Ga mai keke kuwa, haɗari ce.

Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kuma keke abin hawa ne, wannan hannun zai bi. A duba lissafin: mota na gudun kilomita 40 a awa, keke na 15. In hanyarsu ɗaya, da gudun 25 motar ke cim masa. In gaba da gaba ne, 55 ke nan, lokacin taka birki ya ƙure.

Abin da ya fi damuna mahaɗa ce. Ku tsaya bakin wata kwana a Wunti ko Yelwa, ku lura da direban da zai fito daga layi ya karya dama: hagu yake waiga, can motoci ke zuwa. Yaron da ya taho yana fuskantar motoci ta daman direban da galan a bayan keke, ba ya cikin lissafinsa sam.

Don Allah a tura wa iyaye da masu aiken yara.