Chicago Cubs a Kakar Wasa ta 2016

Chicago Cubs ƙungiyar ƙwallon besbol ce ta birnin Chicago a jihar Illinois ta Amurka, kuma tun 1916 take buga wasanninta na gida a filin Wrigley Field. A kakar 2016 ta ci wasa 103 ta sha kashi a 58, fiye da kowace ƙungiya a babbar gasar MLB, sannan ta lashe kofin World Series bayan shekara 108 rabonta da shi. Duk da wannan nasara, yadda aka haɗa 'yan wasan da yadda aka yi amfani da su ya bar muhawarar da magoya baya ba su rufe ba har yau.

Yadda ake wasan

A besbol kowane ɓangare na fitowa da mutum 9, wasa kuma zagaye 9 ne. Mai jifa yana wurga ƙwallo, mai bugu ya doke ta da sanda ya ruga, ya bi tashoshi uku ya dawo gida, a rubuta masa maki ɗaya. Idan ya cilla ƙwallon ta tsallake katangar fili, wato hom-ran, shi da duk wanda ke kan tasha sai su shigo gida ba mai tare su. Da an fitar da masu bugu uku sai a yi musanya. Kowace ƙungiya na buga wasa 162 a kaka, kusan kullum daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kuma a 2016 mutum 25 kawai aka yarda ta riƙe a jerinta na yau da kullum. Shi ya sa kowace kujera a jerin take da daraja, musamman ta masu jifa, waɗanda hannunsu ke bukatar hutu.

Dogon jira

Cubs ta ci kofin a 1907 da 1908, duka a kan Detroit Tigers. Zuwanta wasan ƙarshe na 1945 ya ƙare da rashin nasara a hannun Tigers ɗin. A nan ne labarin akuya ya samo asali: wani mai mashaya, William Sianis, ya zo filin da akuyarsa aka hana su zama, kuma ana ba da labarin cewa ya yi wa ƙungiyar baki. Magoya baya sun riƙe wannan camfi shekara da shekaru, amma abin da ya fi cutar da Cubs shi ne raunin renon matasa da sayen 'yan wasan da ƙarfinsu ya fara ja baya.

Rushe gida, sake gini

Iyalan Ricketts sun sayi ƙungiyar a 2009, a Oktoban 2011 kuma suka ɗauko Theo Epstein ya shugabanci harkokin wasa, mutumin da ya taɓa kai Boston Red Sox ga kofi a 2004 bayan jiran shekara 86. Shi da babban manaja Jed Hoyer sun zaɓi hanya mai ɗaci: sayar da ƙwararrun da ake da su a karɓo matasa, a haƙura da shan kashi. A 2012 Cubs ta faɗi wasa 101, a 2013 ta faɗi 96. A tsarin MLB na wancan lokaci ƙungiyar da ta ƙare a ƙasa ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, da haka aka samu Kris Bryant a matsayi na biyu a zaɓen 2013, da Kyle Schwarber na huɗu a 2014.

Musayar da aka yi ta fi zaɓen ban mamaki. Anthony Rizzo ya zo daga San Diego a Janairun 2012. Kyle Hendricks, mai jifar da ƙwallonsa ba ta da wani gudu sai dabara, ya zo daga Texas a madadin Ryan Dempster. Jake Arrieta, da Baltimore ta gaji da shi, ya iso a Yulin 2013, shekara biyu bayan nan ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Addison Russell ya zo daga Oakland a 2014. Javier Báez da Willson Contreras kuwa gadonsu aka yi daga shugabannin baya, abin da masu yabon Epstein kan manta.

Da ginin ya miƙe sai aka buɗe asusu. An ɗauki Joe Maddon koci a ƙarshen 2014, aka ba Jon Lester dala miliyan 155 na shekara 6. A 2015 Cubs ta ci wasa 97 kafin New York Mets ta yi waje da ita. A hunturun da ya biyo baya Ben Zobrist da John Lackey suka shigo, tare da Jason Heyward a kan dala miliyan 184 na shekara 8.

Abubuwan da aka yi ta jayayya a kai

Na farko shi ne batun Bryant. A wasannin share fage na 2015 ya buga hom-ran 9, amma aka ajiye shi a ƙaramar gasa har 17 ga Afrilu. Ƙa'ida ta ce kwana 172 ne ke cika shekarar aiki, ɗan wasa kuma ba ya samun 'yancin tafiya inda yake so sai ya cika shekara 6. Bryant ya ƙare kakar da kwana 171, wato ƙungiyar ta ci ribar shekara guda cur a kansa. Ya kai ƙara, aka yanke hukunci a 2020 cewa ba a karya doka ba. Doka ta ba ƙungiyar gaskiya, amma da wuya a kira abin adalci ga matashin da a 2016 ya buga hom-ran 39 ya zama gwarzon National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na MLB.

Heyward ya ba da kunya wajen bugu, hom-ran 7 kacal a kakar, ko da yake wajen tsaron fili ya karɓi kyautar Gold Glove. Masu ƙorafi suna duba kuɗin, masu kare shi suna ƙirga ƙwallayen da ya cafke.

Mafi zafi shi ne cinikin 25 ga Yuli. Cubs ta ba New York Yankees 'yan wasa huɗu, ciki har da Gleyber Torres mai shekara 19, ta karɓo Aroldis Chapman ɗan Kuba, mai jifa da ake kira a ƙarshe ya rufe wasa, wanda jifansa ke haura mil 100 a awa, alhali kwantiraginsa zai ƙare a ƙarshen kakar. Ga kuma wani nauyi: a farkon shekarar MLB ta dakatar da shi wasa 30 a ƙarƙashin dokar cin zarafi a cikin gida. Magoya baya da yawa, musamman mata, sun fito fili sun ce ba su ji daɗin ganinsa cikin rigar Cubs ba, kuma ƙorafinsu na da tushe. Amsar Epstein ta fuskar wasa ita ce, idan ba yanzu ba sai yaushe?

Wasannin ƙarshe

Cubs ta fitar da San Francisco Giants da cin wasa 3 da 1, sannan Los Angeles Dodgers da 4 da 2. A World Series, inda wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7 ke ɗaukar kofi, ta haɗu da Cleveland Indians, wadda ita ma rabonta da shi tun 1948. Schwarber, da ya yaga jijiyoyin gwiwa a 7 ga Afrilu aka ɗauka kakarsa ta ƙare, ya dawo yana bugu kamar bai taɓa jinya ba. Duk da haka Cleveland ta yi gaba da 3 da 1.

A wasa na biyar Maddon ya sa Chapman ya fitar da mutum 8 shi kaɗai, jifa 42, aikin da ya wuce abin da ya saba, aka tsira da maki 3 da 2. A na shida kuma ya sake kiransa alhali Cubs na gaba da maki 7 da 2. Wannan shawara ce aka fi suka, kuma masu sukar suna da hujja, domin a wasa na bakwai, ranar 2 ga Nuwamba a Cleveland, gajiyar ta bayyana. Maddon ya cire Hendricks a zagaye na biyar yana jifa lafiya lau, ana 5 da 1. Lester ya shigo, ƙwallo ta kuɓuce, maki biyu suka shige. David Ross mai shekara 39, a wasansa na ƙarshe, ya rama ɗaya da hom-ran. A zagaye na takwas Rajai Davis na Cleveland ya cilla jifar Chapman waje, aka koma 6 da 6.

Bayan zagaye na tara ruwa ya sauko, aka tsaya minti 17. A wannan tsakanin Heyward, mutumin da aka shafe watanni ana zagi, ya tara abokansa a ɗakin motsa jiki ya ƙarfafa musu gwiwa. A zagaye na goma, wanda aka ƙara saboda kunnen doki, Schwarber ya buɗe da bugu, Zobrist ya shigo da maki ɗaya, Miguel Montero ya ƙara wani. Cleveland ta rama ɗaya, sannan Mike Montgomery ya yi jifa, Bryant ya tsinci ƙwallon ya wurga wa Rizzo, wasa ya tashi 8 da 7 bayan tsakar dare. Zobrist aka ba kyautar gwarzon wasannin.

Bayan kofi

An zaci waɗannan matasa za su mamaye gasar shekaru masu yawa, hakan bai faru ba. Chapman ya koma Yankees a Disamba a kan dala miliyan 86, ya kuma ce Maddon bai yi amfani da shi yadda ya dace ba. Torres ya shiga jerin taurarin gasar a 2018 da 2019. Cubs ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a 2017, Dodgers ta fitar da ita. Maddon ya tafi bayan 2019, Epstein a Nuwamban 2020, a ƙarshen Yulin 2021 kuma, cikin kwana biyu, aka tura Rizzo Yankees, Báez Mets, Bryant kuma Giants.