Mahaɗi mai kulle kansa a tirela da tarakta

Mahaɗi mai kulle kansa na'urar ƙarfe ce da ke haɗa mota mai ja da abin da take ja, ba tare da mutum ya shiga tsakaninsu ya zura fil da hannu ba. Direba zai yi ribas a hankali, ƙarfe ya bugi ƙarfe, makullin ya faɗa da kansa. Iri uku aka fi sani: tantebur, wato farantin ƙarfe da ke kan mota mai ɗaukar tirela, bakin ja da ke bayan babbar mota mai jan wata tirela daban, da ƙugiyoyin da tarakta ke ɗaukar garma ko haro da su. An ƙirƙire su ne don a raba mutum da wurin da ya fi ko'ina haɗari a wannan sana'a, wato ratar da ke tsakanin motar da ke ja da baya da kayan da ke tsaye. Sai dai na'urar tana kulle kanta ne kawai, ba ta duba kanta, kuma yawancin tirelolin da ke tsinkewa a hanya daga nan matsalarsu ke farawa.

A Legas tantebur ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Duk kwantenar da ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, Tin Can ko ta Lekki da aka buɗe a 2023, da duk tankar da ta ɗauki mai a Ijora ko Ibeju-Lekki ta nufi Kano ko Maiduguri, a kan wannan farantin take zaune.

Asalinsa

August Fruehauf, wani maƙeri a birnin Detroit na Amurka, ya ƙera tirela mai ɗora gabanta a kan mota a 1914. Kafin shekarun 1920 an riga an samu faranti mai lilo gaba da baya, sannan aka samu mai kama turken tirela da kansa. A Jamus, kamfanin Rockinger na birnin Munich ya fito da bakin ja mai kulle kansa a 1927. A Ingila kuma, a farkon shekarun 1930, kamfanin Scammell ya yi wata ƙaramar mota mai taya uku da kamfanonin jirgin ƙasa suka yi ta amfani da ita, wadda idan ta shiga ƙarƙashin tirela take kama ta kuma ta naɗe mata ƙafafu a lokaci guda. Ta ɓangaren noma, Harry Ferguson ya yi rajistar tsarinsa na haɗa garma da tarakta a 1926, kuma taraktar Ford 9N ta 1939 ce ta yaɗa shi a duniya.

Tantebur da turkensa

Tantebur faranti ne mai kauri, siffarsa kamar kofaton doki, bakinsa a buɗe ta baya. Yana zaune a kan ƙafa biyu da aka ɗaure wa shasin mota, kuma yana iya sunkuyawa gaba da baya don motar ta hau tudu ko ta sauka gangara ba tare da ƙarfe ya murɗe ba. A ƙarƙashin gaban tirela akwai shimfiɗaɗɗen ƙarfe, a tsakiyarsa turke ya leƙo ƙasa, shi ne kinfin.

Turken iri biyu ne. Na yau da kullum kaurin wuyansa inci 2 ne, wato milimita 50.8, na motocin ɗaukar manyan injuna kuma inci 3.5, wato milimita 89. Turken yana da kafaɗa a sama, siririn wuya a tsakiya, da leɓe mai faɗi a ƙasa. A wuyan ake kamawa, leɓen kuma shi ke hana turken zamewa sama idan mota ta faɗa rami. Da yake wannan awo ɗaya ne a duniya, kai (motar da ke jan tirela) na Mack da ya zo daga Amurka, DAF ko MAN na Turai da Howo na Sin duk suna iya ɗaukar tirela ɗaya.

A cikin farantin akwai muƙamuƙi, sakata, sifirin da hannun buɗewa. Idan an ja hannun waje, sakata ta janye, muƙamuƙin ya buɗe ya tsaya yana jira. Da turke ya shigo ya ture shi, sai ya juya ya rungumi wuyan, sifirin ya harba sakata ta bayansa ta tokare shi. Daga nan duk ƙarfin da mota za ta ja, a kan sakatar yake sauka. Hannun zai koma ciki, wani ɗan makari ya faɗa ya hana shi fitowa. Kamfanoni irin su JOST da SAF-Holland da Fontaine kowa da yadda ya tsara cikinsa, wani muƙamuƙi ɗaya wani biyu, amma aikin ɗaya ne.

Kowane tantebur yana da ɗan allo da aka rubuta ƙarfinsa. Wanda aka fi gani a motocin Turai yana ɗaukar tan 20 a tsaye, ƙarfin jansa kuma, da ake rubutawa da harafin D, kilonutan (ma'aunin ƙarfi) 152 ne. Ana lissafin D haka: a ninka nauyin kan mota da nauyin tirela, a ninka da 0.6 da kuma 9.81, sannan a raba da jimillar nauyin biyun bayan an cire nauyin da ke kan farantin. Kai mai tan 26 da tirela mai tan 36, farantin na ɗauke da tan 17, zai ba da kusan 122. Ratar da ke tsakanin 122 da 152 ita ce lodi fiye da kima ke cinyewa.

Yadda ake haɗawa

Da farko a tabbatar birkin tirela a ɗaure yake, a kuma sa mata waigi a taya. Wannan ya zama dole a tsofaffin tireloli marasa birkin sifirin, domin idan iskar tankinsu ta tsiyaye cikin dare, da safe babu abin da ke riƙe da su. Sai a ja hannun tantebur a ga bakin a buɗe, a matso da kai daidai saitin turke, a tsaya kafin a taɓa, a sauko a duba tsayi.

Tsayin nan shi ne gaba da komai. Ƙarfen gaban tirela ya kamata ya kasance ƙasa kaɗan da saman farantin, yadda idan kai ya shiga zai ɗan ɗaga tirelar. Idan ta yi sama da yawa, turke zai bi ta saman muƙamuƙi: ko dai a kama shi a leɓe maimakon wuya, ko ya tsallake farantin gaba ɗaya tirela ta daki bayan gidan direba. Idan ta yi ƙasa da yawa, kai zai bangaje ta ya lanƙwasa ƙafafunta. Ana gyara tsayin da hannun murɗa ƙafa, ko da balan-balan ɗin iska a motocin da ke da shi. A garejin da ƙasarsa ta jiƙe da damina, irin waɗanda ke Ijora da bakin Marine Beach, ƙafar tirela mai lodi kan nutse cikin laka, har wani lokaci gefe ɗaya ya fi ɗaya. Katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafa tun ranar ajiyewa shi ne maganin wannan.

Bayan an ji ƙarar kullewa, direba ya sa giya mai ƙarfi ya ja gaba a hankali sau biyu, birkin tirela na ɗaure. Sannan ya ɗaure birkin kai, ya sauko da tocila ya leƙa ta bayan farantin. Abu uku zai gani da idonsa: babu ko siririn haske tsakanin faranti da ƙarfen tirela, muƙamuƙi ya rufe wuyan turke sakata na bayansa, hannu ya shige makari ya faɗa. Jan gwaji kaɗai ba ya isa. Turken da aka kama a leɓe yana iya jure ja biyu a fili, ya saki a kwanar farko ko a hawan gadar Ijora, kuma direban da ya tura yaron mota ya leƙa masa alhali yaron bai taɓa ganin yadda kullewar kirki take ba, bai duba komai ba.

Sai a haɗa tiyon iska da wayar wuta. Jan tiyo shi ke cika tankin tirela. Na biyun, wanda ke kai umarnin birki, rawaya ne a motocin Turai, shuɗi a na Amurka, abin da ke rikita sabon yaro idan kai da tirela ba ƙasarsu ɗaya ba. A nan ma akwai tarko: da zarar an sa jan tiyo, birkin tirela na iya saki, idan kuwa ba a ɗaure birkin kai ba, motar gaba ɗaya za ta gangara mutum na tsaye a bayan gidan direba. Daga ƙarshe a naɗe ƙafafu har sama, a rataye hannun murɗawa, a cire waigi, a gwada fitilu da birki. Wajen kwancewa ana bi ta baya ne: birki, ƙafafu, tiyo, sannan hannun tantebur.

Makullan da ke riƙe kwantena a kan bodi wani abu ne daban, ba su da alaƙa da tantebur. Kwantenar da ta faɗo daga gadar Ojuelegba kan motar fasinja a Janairun 2023 ta kashe mutum tara ta sa an ƙara matsa wa masu motoci a kansu. Tantebur mai lafiya ba zai riƙe kwantenar da ba a kulle ta a kusurwa huɗu ba.

Abin da ke lalacewa

Turke yana cinyewa. A ƙa'idar JOST, na inci 2 idan wuyansa ya sauko milimita 49 ya gama aiki, na inci 3.5 kuma a milimita 86. Ana aunawa ta gaba da baya, sannan ta gefe da gefe, domin ba ya cinyewa daidai. Alamar farko ita ce bugun da direba ke ji a bayansa duk lokacin da ya tashi ko ya taka birki. Akwai kusar da ake rage wannan rata da ita, amma idan ta kai ƙarshe, sai a sauya muƙamuƙi da sakata da zoben da turke ke jingina da shi, duka tare. Kayan gyaran ana samunsu a Ladipo da sauran kasuwannin kayan mota, sababbi da na tokunbo, wato waɗanda aka taɓa amfani da su a ƙasar waje. Cika wuyan turke ko muƙamuƙi da walda a goge, duk da arharsa, mugun aiki ne: ƙarfen an gasa shi ne a masana'anta, zafin walda kuma yana kashe wannan gashi, ya bar shi yana iya tsagewa ba gargaɗi.

Giris ma yana da nasa sharaɗi. Ana so a kwance, a kankare tsohon, a shafa sabo mai jure matsi aƙalla duk kilomita 5,000. Busasshen faranti yana hana tirela bin kai a kwana, sitiyari ya yi nauyi, a jiƙaƙƙen titi kuma motar na iya naɗewa. Tsohon giris da ya sha yashi yana cin ƙarfe, ya kuma daskare ya hana sakata kaiwa ƙarshe. Iskar gishiri ta bakin teku tana cin sifirin da kusoshin da suka ɗaure farantin da shasi, don haka motar da ke kwana a layin shiga tashar jiragen ruwa ta fi bukatar a riƙa leƙa ƙarƙashinta.

Bakin ja

Wannan ba shi da yawa a hanyoyin Nijeriya. Baki ne mai faɗi a bayan mota, fil na rataye a samansa. Idan zoben sandar tirela ya shiga ya bugi wani harshe, fil ya faɗo ta cikin zoben ya kulle. Zoben milimita 40 ne ko 50, kuma ba a haɗa zoben wani da bakin wani. A gefe akwai ɗan tsinke: idan ya leƙo waje, ba a kulle ba.

A tarakta

Tarakta tana riƙe kayan aiki a wuri uku, hannu biyu a ƙasa da haidirolik ke ɗagawa, da sanda ɗaya a sama. An kasa su aji-aji bisa kaurin fil. Aji na 1 yana da fil ɗin ƙasa milimita 22, na sama 19. Aji na 2, wanda taraktoci irin Massey Ferguson 375 ke aiki da shi, 28 da 25. Aji na 3 kusan 37 da 32. A tsohon tsari sai mutum ya tsaya tsakanin taya da garma yana girgiza ƙarfe har rami ya zo daidai da fil, mai tuƙi na matsowa bisa ihunsa. Yatsu da ƙafafu da yawa sun tafi a nan.

Hanya mafi sauƙi ta kauce wa hakan ita ce ƙugiya a bakin kowane hannu. Ana sa ƙwallon ƙarfe a kan fil ɗin garma, tarakta ta matso hannayenta na ƙasa, ta ɗaga, ƙwallon ya zauna cikin ƙugiya, harshe ya rufe shi. Ana saki da igiya daga kujera. Akwai kuma firam mai kusurwa uku, ɗaya a tarakta ɗaya a kan garma, na taraktar ya shige cikin ɗayan daga ƙasa ya kulle. Shi yana yafe ɗan karkata, amma yana tura kayan baya, abin da ke rage ƙarfin ɗagawa ya kuma sa gaban tarakta ya yi sauƙi, wani lokaci har sai an ƙara mata nauyi a gaba an kuma sake auna tsawon shaf ɗin da ke juya kayan aikin. Don jan tirelar gona akwai ƙugiyar da ke sauka ƙasa ta ɗauki zobe ta koma sama. Bayan ta kulle dole a sauke haidirolik kaɗan don nauyin ya zauna a kan makulli. Idan aka bar shi a kan mai, tiyo ɗaya ya fashe tirela ta faɗi.

Ga masu aikin hayar tarakta a gonakin Epe, Ikorodu da Badagry, inda ake sauya garma da haro sau da yawa a yini, wani kuskure da za a kiyaye shi ne gauraya aji: ƙwallon aji na 1 a cikin ƙugiyar aji na 2 yana zama kamar ya kamu, sai garma ta ci saiwa ya fice. Laka da ta bushe a cikin ƙugiya ma tana hana harshen rufewa, don haka ana wanke ta a ɗiga mata mai kafin a ajiye tarakta. Shaf da tiyon haidirolik kuwa har yanzu da hannu ake haɗa su a yawancin taraktoci, kuma ba a kusantarsu sai an sauke kayan ƙasa, an ɗaure birki, an kashe inji an zare makulli.