Hoton gyambon Inna ya tafi Kano, a hannun wa yake yanzu?

Mu ɗauka a ƙaramin asibitin wani ƙauye da ke gefen Gumel, ma'aikaciyar lafiya ta ɗauki hoton gyambon wata tsohuwa, ta haɗa da sunanta da sakamakon awon sukari, ta tura wa likita a Kano. Kafin la'asar amsa ta dawo, Inna ta huta da kuɗin mota. To, hoton fa, ina ya kwana?

Masu fasaha za su ce yana cikin "gajimare". Suna ne kawai. Manyan kwamfutoci ne a wani gini, ko a Legas ko a Turai, kamfani na ba da hayarsu kamar shagon ajiyar hatsi.

Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta sanya bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, sahu ɗaya da na addini da ƙabila. Jigonta a wannan batu, a ganina, shi ne ba da ajiya ba ya sauke nauyi. Asibitin da ya karɓi bayanan Inna ba zai ce "ai laifin kamfani ne" ya kaɗe riga ba. Dole ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da mai ajiyar, ya tabbatar akwai matakan tsaro, irin su kulle bayanai ta yadda ko ɓarawo ya kwasa ba zai iya karantawa ba. In kuwa rumbun a ƙasar waje yake, sai in can ma akwai kariyar da ta wadatar, ko wata hujjar da doka ta amince da ita, kamar yardar mai bayanan.

Idan aka yi kutse mai iya cutar da mutane, awa 72 asibiti ke da ita ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, in hatsarin babba ne ya gaya wa marar lafiyar nan take. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana miliyan 2 ko wannan kason.

Inna na da ikon ta tambayi abin da aka ajiye a kanta, ta sa a gyara kuskure. Tun 2014 ma dokar lafiya ta ƙasa ta hana fallasa ciwon mutum, sai a 'yan wurare kamar rubutaccen izininsa, umarnin kotu ko barazana ga lafiyar al'umma.

Ni dai ba rumbun Legas ne ya fi ba ni tsoro ba. Sau da yawa hoton na nan cikin WhatsApp a wayar ma'aikaciya, wayar da yara ke wasa da ita da dare, da safe kuma a kai ta rumfar mai caji a baro ta, ko lambar sirri babu.