Littafin makasan nan da ya raba mana gurup: ga amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kusan wata biyu kenan gurup ɗinmu na karatu na nan Aboabo a Kumasi bai zauna lafiya ba, duk a kan littafi ɗaya tal da ƙanwata ta tsinto wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta wajen kasuwar Kejetia. Na turanci ne, ga kauri, bangon ma ya yage, to da yake ba kowa ke jure dogon turanci ba sai muka yi tsari, ni in na rufe shago da daddare in karanta babi biyu in yi muku bayaninsa da murya a WhatsApp, masu iya karantawa kuma littafin na yawo hannu zuwa hannu. Tambayoyin da kuka yi ta turo min ta bayan fage sun yi yawa, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Anti, mu da muka shigo daga baya, wai me ke cikin littafin ne?

Yarinya ce 'yar shekara tara, mutanen wani waziri suka zo cikin dare suka ƙone gidansu da kowa a ciki, ita kaɗai ta tsira don ta ɓuya a rijiya. Wata ƙungiya ta makasa da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa ta ɗauke ta ta raine ta, suka koya mata guba da wuƙa da tafiya ba motsi, sannan suka ba ta wata wuƙa mai tsafi wadda ba ta kuskure. Amma wuƙar na da farashi, duk lokacin da ta ɗauki rai sai ta cinye wani abu daga cikin tunanin yarinyar. Mutum bakwai ne a lissafinta. Ta kashe na farko ta manta waƙar da uwarta ke mata, ta kashe na uku ta manta sunan ƙaninta, kafin ta kai ga wazirin fuskar uwar ma ta goge. Ta kashe shi ɗin, amma ta tsaya a kan gawarsa tana tambayar kanta wane ne wannan tsohon, me ya yi mata. A nan littafin ya ƙare.

Me ake nufi da dak fantasi da ake kiran irin wannan littafin? Ba tatsuniya ba ce kawai aka yi wa ado?

Da kusanci kam. Fantasi dai labari ne na duniyar da marubuci ya ƙaga da kansa, da sarakunanta da tsafinta da dodanninta, in aka ce dak kuma, wato mai duhu, to ana nufin babu tabbas mai gaskiya zai yi nasara, jarumin kansa hannunsa ba tsabta, kuma ana nuna jini da tsoro ba sakayawa. Mu ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Wanda ya tashi a Zongo ya zauna gaban kaka ana ga ta nan ga ta nanku ya san Dodo, ya san marainiyar da kishiyar uwa ta aika rafin da ba a dawowa, kuma ya ji labarin layar zana da baduhu da sagau da 'yan tauri da ƙarfe ba ya kama su. Duk abin da makasan littafin nan ke taƙama da shi akwai sunansa a bakin kakanninmu.

Bambancin shi ne a tatsuniya in an ce ƙurunƙus mugu ya sha kashi, marainiya ta auri ɗan sarki, kowa ya tafi ya kwanta da sanyin zuciya. Wannan kuwa ba ya sallamarka haka, da nauyi a ƙirji kake rufe shi.

Da gaske an taɓa yin ƙungiyar makasa irin wannan a duniya?

An yi wadda marubuta ke ɗebo wuta daga gare ta, ko da yake sun ƙara mata gishiri sosai. A shekarar 1090 wani mutum mai suna Hasan Sabbah ya kama wata ganuwa a kan dutse da ake kira Alamut, a arewacin Iran ta yau. Jama'arsa 'yan Isma'iliyya ne reshen Nizariyya, ba su da rundunar da za ta kara da daular Saljuƙawa a fili, sai suka koma aika mutum ɗaya ko biyu da wuƙa su je su kashe babba, sau da yawa a bainar jama'a, kuma wanda aka aika ya san da wuya ya dawo. Su suna kiransa fida'i, mai sadaukar da kai. A 1092 aka kashe Nizamul Mulk, babban wazirin Saljuƙawa, kuma su aka danganta wa kisan. Sau biyu reshensu na Sham ya kai wa Salahuddin Ayyubi hari yana tsira. A 1192 suka kashe Konrad na Montferat a birnin Taya, kwanaki kaɗan bayan an zaɓe shi sarkin Kudus na 'yan Salibiyya. Ƙarshen Alamut ya zo a 1256 lokacin da Hulagu na Mongol ya karɓe ta.

Sunan da abokan gabansu suka laƙaba musu, hashishiyya, zagi ne, kamar a ce 'yan wiwi, daga nan Turawa suka samo kalmarsu ta asasin, wato makashi. Labarin nan kuma na cewa ana bugar da samari a kai su wani lambu a ce musu aljanna ce, Marko Polo ne ya yaɗa shi a Turai, kuma shi bai ga Alamut da ranta ba, an riga an rushe ta kafin ya bi ta ƙasar. Abin da ya kamata ku lura, su waɗancan ba don kuɗi ko ramuwar gida suke kisa ba, siyasa ce da aƙida. Makashin haya mai baƙar alkyabba da ke tsalle kan rufin gidaje, wannan aikin marubuta ne.

Ni fa da ta kashe na farko har tafi na yi. Akwai matsala a zuciyata ne?

Wannan tambayar wata Hajiya ce ta turo, kuma wallahi ba ke kaɗai ba ce Hajiya. Ni kaina ina cikin trotro, motar haya, ranar da na kai wajen, ban san sanda na ce yauwa da ƙarfi ba har matar da ke gefena ta juyo, kuma na wuce inda zan sauka ban sani ba. Bahaushe ya ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, marubucin ya san haka, shi ya sa ya ɓata babi goma yana nuna mana ƙonewar gidan nan da warin hayaƙi da yarinya cikin rijiya ruwa har wuya tana toshe bakinta da hannu, don ya tara mana bashi a zuciya, in ya zo biya mu ji daɗi.

Abin da nake gani shi ne ba jinin muke so ba, so muke a ce wani ya ga abin da aka yi, kuma bai tafi a banza ba. Wa ke cikinmu da bai taɓa ganin mai ƙarfi ya ci haƙƙin mara ƙarfi ya kwana lafiya ba? Maganar fili, maganar gado, kes da aka kai ofishi fayil ya yi ƙafa. Akwai wata baiwar Allah a gurup ɗin nan da ta turo min murya da ƙarfe biyun dare, an ɗauke wuta ma a lokacin ina jin ƙarar janareton maƙwabta a bayanta, tana kuka tana cewa yayanta da aka kashe shekarun baya har yau ba wanda aka kama, kuma kowace wuƙa da yarinyar nan ta soka ji take kamar ita ce ta riƙe ta. Ban iya ce mata komai ba sai Allah ya ji ƙansa. Na daɗe zaune a bakin gado da wayar a hannuna. Duk mai cewa masu son irin wannan littafi mugaye ne, da ya ji muryar nan da bai ƙara faɗa ba.

To ai addini ma ya yarda da ramuwa, mene ne laifin yarinyar?

Malam, na gode da wannan, kuma kai ne gaba da ni a ilimi, in na yi kuskure ka gyara min. Abin da aka karantar da mu a makaranta shi ne ƙisasi, a Suratul Baƙara aya ta 178 da 179, inda Allah ya ce akwai rayuwa a cikin ƙisasi. Amma ayar da kanta ta buɗe ƙofar afuwa da diyya, kuma malamai sun ce hukuma ce ke zartarwa bayan shaida da alƙali, ba mutum ya ɗauki wuƙa ya bi dare ba. A Suratul Isra'i aya ta 33 an ba magajin wanda aka kashe iko, nan take kuma aka ce kada ya wuce gona da iri wajen kisa. To ku ƙirga, yarinyar nan mutum bakwai ta rubuta, amma kafin littafin ya ƙare na ƙirga gawa sama da ashirin, da mai gadi, da kuyanga da ta gan ta bisa tsautsayi, da wani yaro mai kai saƙo. Su waye za su rama musu?

Kuma muna da labarin da ya fi kowane littafi. Wahshi bawa ne, ubangidansa Jubairu ɗan Mut'im ya yi masa alkawarin 'yanci in ya kashe Sayyidina Hamza, don ramuwar baffansa da aka kashe a Badar. Ya laɓe a Uhud ya jefa mashinsa ya cika aikin. Wannan shi ne makashin haya na gaske. Daga baya ya musulunta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi musuluncinsa bai sa an taɓa shi ba, sai dai ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Wannan wajen yana sa ni hawaye kullum, don ya nuna ciwon bai tafi ba, amma ba a ɗaga hannu ba.

A nan Ghana ma mun ga inda ɗaukar doka a hannu ke kaiwa. A watan Mayun 2017 jama'a suka taru a Denkyira-Obuasi suka kashe soja Maxwell Mahama, wai sun zaci ɗan fashi ne, alhali motsa jiki ya fita. Sai a Janairun 2024 kotu ta yanke wa mutum 12 ɗaurin rai da rai. Kowane ɗaya cikin masu jifan nan a lokacin gani yake adalci yake yi.

Ƙarshen ya ɓata mana rai. Marubucin bai cuce mu ba kuwa?

Nan ne gurup ya rabu biyu, har mutum uku suka fita sai da na bi su da ban haƙuri. Ɓangare ɗaya na cewa bayan wahalar shafi ɗari biyar ai kamata ya yi a bar yarinya ta yi dariya ko sau ɗaya, ta tsaya a kan waziri ta ambaci sunan uwarta ya ji kafin ya mutu. Na fahimce su sosai, ni ma a daren da na gama haushi na ji, na ajiye littafin a ƙasa ban ko yi muku murya ba.

Amma da na kwana na tashi sai na ga da ya ba mu abin da muke so, da ƙarya ya yi mana. Tun da wuri ya gaya mana farashin wuƙar, mu ne muka yi ta tafi ba mu ƙirga abin da ake cire mata ba. Ta fita ne don uwarta, kuma uwar ce ta sayar guntu guntu har ta kai ga biyan buƙata. Waziri ya ƙone gidan sau ɗaya, ita ta ƙarasa goge shi da hannunta, har ba a bar ko mutum ɗaya a duniya da ya tuna mutanen gidan nan ba. Kuma duk wanda ya taɓa zama da mai riƙo ya san ba sai da wuƙar tsafi ba. Akwai gidajen haya a unguwannin nan da 'yan uwa ciki ɗaya suka shekara ashirin ba sa ga maciji, yaransu sun gaji gabar, in ka tambayi mafarin abin sai a yi shiru ana kallon juna. Ni a wajena ƙarshen nan shi ne mafi gaskiyar abin da ke littafin, ko da kuwa har yanzu in na tuna raina na sosuwa.

Ɗana shekararsa 14, yana ta naci. In ba shi?

Ni dai ba zan ba nawa ba tukun. Akwai babi biyu na azabtarwa da ni kaina tsallakewa na yi a bayanin murya. In ya kai 17 ko 18 ki ba shi, amma ki fara karantawa, kuma in ya gama ki tambaye shi me yarinyar ta manta bayan kisa na uku.

Littafin yana hannun wa yanzu, kuma me za mu karanta gaba?

Yana Asawase, daga can zai wuce Sawaba, mutum shida ne a layi, kuma don Allah wanda ya zuba masa koko a shafi na ɗari biyu da wani abu ya riƙa rufe shi in zai karya kumallo. Na gaba kuma mun yi magana da Malam, na Hausa za mu ɗauko cikin littattafan yaƙi irin na Kano, wani ɗan uwa mai zuwa Najeriya sarin kaya ya ce zai taho mana da guda uku ƙarshen wata. Wanda ke son sunansa a layi ya turo min kafin Juma'a.