Tsibiran Maldif: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Tun ranar da na yi bayani a kan ƙasar Maldif, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawo mini, shi ya sa na tara su a nan domin kowa ya huta.

A ina ƙasar take?

A tekun Indiya take, kudu maso yammacin Indiya da Siri Lanka. Tsibirai ne kusan 1,200, amma waɗanda jama'a ke zaune a kansu ba su wuce 200 ba, kuma babban birninta shi ne Male.

Larabawa ne?

A'a. Harshensu Dibehi ɗan uwan harshen Sinhala ne na Siri Lanka. Rubutunsu da ke farawa daga dama zuwa hagu ne yake ruɗar ku.

Yaushe suka musulunta?

A shekarar 1153 ne sarkinsu ya bar addinin Budda ya karɓi Musulunci, jama'arsa suka bi shi. Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya yi musu alƙalanci wajen 1343 a zamanin Sarauniya Khadija, ya ruwaito cewa wani baƙo daga Magrib, Abul Barakat Albarbari, shi ne ya kwana yana karatun Alƙur'ani har ya kori wani aljanin teku da ake miƙa wa budurwa kowane wata. Wata ruwayar kuwa ta ce baƙon mutumin Tabriz ne na ƙasar Farisa. Ku daina matsa mini in zaɓi ɗaya, domin su kansu masu ƙasar ba su gama wannan gardamar ba.

Me ya haɗa mu da su, da har ake ba su wannan muhimmanci?

Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, kafin zuwan sulalla, mai yawansa daga tekun Maldif aka tsamo shi. Sannan Ma'amun Abdul Gayum, wanda ya mulki ƙasar daga 1978 zuwa 2008, ɗalibin Azhar ne, kuma ya koyar da ilimin addinin Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kafin ya shiga siyasa.

Turawa sun mallake su?

Mutanen Fotugal sun riƙe Male daga 1558 zuwa 1573, har Muhammad Takurufanu ya fatattake su. Ingila ta ɗauke su ƙarƙashin kariyarta a 1887, ta bar sarkinsu a gadonsa, suka sami 'yanci ranar 26 ga Yuli, 1965. A 1968 aka soke sarauta, Ibrahim Nasir ya zama shugaban ƙasa.

Tunda ƙasar Musulmi ce, ya dace in kai iyalina hutu can?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta gamsar da kowa. Tsarin mulkinsu na 2008 ya hana wanda ba Musulmi ba zama ɗan ƙasa, an hana shigo da giya da naman alade da gumaka ta filin jirgi, kuma ranakun hutunsu Juma'a da Asabar ne. Sai dai tun da aka fara karɓar masu yawon buɗe ido a 1972, sai aka raba ƙasar gida biyu: tsibiran da 'yan ƙasa ke zaune daban, tsibiran otal-otal daban, kuma a na biyun ana sayar da giya a fili, Turawa na yawo da kayan wanka a bakin ruwa. Saboda haka wanda ya biya kuɗin otal mafi tsada yana zaton zai ji kiran sallah sau biyar a kunnensa, wataƙila ya dawo da ɓacin rai. Daga wajen 2009 an ba da izinin buɗe masaukan baƙi a tsibiran jama'a, inda akwai masallaci kusa kuma babu giya, amma ko a nan wasu tsibiran sun keɓe wa baƙi wani yanki na gaɓa. Shawarata ita ce maigida ya tambayi masaukin dalla-dalla kafin ya biya ko kwabo. Kada kuma ya tayar da hankali idan ya ga liman ya yi ƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u, domin Shafi'iyya ne, ko da yake Ibn Baɗɗuɗa a kan mazhabar Malik ya same su. Hukuncin halacci kuwa, a nemi malami, ni ba mai fatawa ba ne.

Akwai dimokuraɗiyya?

Akwai zaɓe na jam'iyyu tun 2008, lokacin da Muhammad Nashid ya kayar da Gayum. Sai dai Nashid bai kammala wa'adinsa ba, ya sauka a Fabrairun 2012 cikin tarzoma, kuma a ranar ce wasu suka kutsa gidan tarihi na Male suka farfasa gumakan Budda da aka adana. Muhammad Mu'izzu ne ya ci zaɓen 2023.